Coci ta kawo wa unguwarmu tayin rijiya da adashi da darasin yara: mu karɓa?

Tambayar ta fito ne daga wani matashi, sakataren ƙungiyar ci gaban wata unguwa da ke gefen birnin Sakkwato. Ya ce unguwar tasu ba famfo, ba magudanar ruwa, a hannun 'yan garuwa suke sayen ruwa, ga 'yan gudun hijira daga gabashin jihar sun cika kangaye. Sai ga wata coci da ke kusa da su, tare da abokan hulɗarta na ƙasar waje, ta zo da tayin abu uku: rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana, adashi da koyon sana'a ga mata, da darasin yamma ga yara. Dattawa sun rabu biyu. Wasu sun ce a karɓa, ruwa ba ya da addini. Wasu sun ce ruwa ba ya tsami banza. Yana son sanin yadda irin wannan haɗin gwiwa ke tafiya, da abin da ya kamata su yi.

Ƙanena, Allah ya yi maka albarka da ka tsaya tambaya kafin ku ce e ko a'a. Na daɗe ina aikin raya unguwanni da karkara, na zauna da ƙungiyoyin Musulmi, na zauna da na Kirista. Shawarata a taƙaice ita ce ku karɓi rijiyar da adashin, ku jinkirta maganar yara, kuma kada ku karɓi ko ɗaya sai an rubuta a takarda cewa aikin na unguwa ne, an faɗi wanda zai riƙe shi bayan baƙi sun tafi. Rashin mai riƙo ya fi kashe irin wannan aiki a kan abin da dattawanka ke tsoro. Amma tsoron nasu yana da tushe, don haka da shi zan fara.

A watan Maris na 1903, da Turawa suka ci Sakkwato, Gwamna Lugga ya yi alkawarin ba za a taɓa addinin mutane ba, kuma shekaru da yawa bayan haka gwamnatin mulkin mallaka ta riƙa taka wa 'yan mishan burki a ƙasashen sarakuna. Jinya ce ta buɗe musu ƙofa. A shekarun 1930 aka miƙa wa mishan ɗin SIM, wadda daga baya ta haifi cocin ECWA, kula da wuraren jinyar masu cutar kuturta: Yadakunya a Kano, Babbar Ruga a Katsina, da Amanawa nan kusa da mu, a ƙasar Dange-Shuni. Da sanin sarakuna aka yi, En'e, wato hukumar gargajiya, na sa kuɗi, 'yan mishan na kawo likita da ma'aikatan jinya. An kula da mutanen da har danginsu suka guje su. Gaskiya ne kuma wasu daga cikin waɗanda suka tashi a waɗannan wurare, musamman yara, sun koma Kirista. Duka biyun sun faru. Dattijon da ya ce maka akwai lauje cikin naɗi, wannan tarihin yake tunawa, ko da bai san shekarunsa ba. Kada ka ƙaryata shi a gaban jama'a. Za ka buƙace shi ranar da jita-jita ta tashi.

Sai dai zamani ya juya. Asibitin Amanawa yanzu na gwamnatin jiha ne, kuma ƙungiyar The Leprosy Mission, wadda Kiristoci suka kafa tun 1874, tana aikin kuturta tare da ma'aikatar lafiya a wannan yanki. Tsakanin 2013 da 2018 ƙungiyar agaji ta Katolikan Amurka, CRS, ta gudanar da wani babban shiri na tallafa wa gidajen talakawa ta fuskar noma da abinci mai gina jiki da tanadi a Sakkwato da Kebbi da Abuja, a wurare irin su Tangaza da Dange-Shuni, kuma ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN na cikin waɗanda aka yi aikin da su. Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar shi ke jagorantar ɓangaren Musulmi a majalisar addinai ta ƙasa, NIREC, wadda aka kafa a 1999, yana zama teburi ɗaya da shugaban ƙungiyar Kiristoci ta ƙasa, CAN. Ke nan in kun zauna da fasto a kan maganar ruwa, ba a kanku farau ba. Buƙatar kuwa kai ka fi ni saninta. Binciken talauci da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar a 2022, wanda ya duba ruwa da lafiya da karatu da muhalli, ya nuna kashi 63 cikin ɗari na 'yan Najeriya na cikin talauci, a Sakkwato kuwa sama da kashi 90, mafi yawa a duk ƙasar.

Abin da za ka fara ganowa shi ne wa ke bayan tayin, domin in an ce coci ta kawo aiki, ba abu ɗaya ake nufi ba. Akwai manyan ƙungiyoyin raya ƙasa na coci-coci, irin su Misereor ta Katolikan Jamus, da CAFOD da Christian Aid da Tearfund na Birtaniya. Waɗannan ba su cika shigowa unguwa da kansu ba. Sukan ba da kuɗin ga wani reshe na gida, kamar ofishin raya al'umma na JDPC da ke ƙarƙashin dayosis ɗin Katolika, wato yankin da bishop ke kula da shi, ko Caritas ta Najeriya, ko sashen raya al'umma na ECWA, su kuma su sauko ƙasa. Suna da masu binciken kuɗi, suna rubuta rahoto, kuma wani kaso na kuɗinsu daga gwamnatoci yake fitowa, wanda ba a yarda a kashe shi a kan wa'azi ba. Ma'aikatansu a nan Arewa sau da yawa Musulmi ne, ka iya tarar da ɗan ajinku a cikinsu. Akwai kuma cocin unguwa, wadda mambobinta suka tara baiko ranar Lahadi, wataƙila wata coci a Amurka ko Ingila ta ƙara musu wani abu. Waɗannan kuɗinsu kaɗan ne, niyyarsu galibi ta maƙwabtaka ce, su ma ruwan suke nema. Rauninsu shi ne ba su ƙware ba, kuma aikin ya rataya a wuyan fasto ɗaya, wanda gobe ana iya canza masa wurin aiki. Sannan akwai masu aikin bishara, waɗanda a wurinsu rijiya hanya ce ta isa ga mutane. Ba sa ɓoye haka ga masu ba su kuɗi. Buɗe shafinsu na intanet ka karanta abin da suke faɗa game da Arewa, nan da nan za ka gane inda suka dosa.

Ku gayyace su zauren mai unguwa, liman na zaune, ku tambaye su kai tsaye. Daga ina kuɗin ya fito, nawa ne, na tsawon wane lokaci ne, wa ya sa hannu a can? Akwai wa'azi ko nuna fim ko rabon littattafai a cikin shirin? Tun 1994 ƙungiyar Red Cross da manyan ƙungiyoyin agaji, har da Caritas da CRS, suka tsara ƙa'idojin aikin jinƙai, waɗanda suka ce buƙata kaɗai ake dubawa wajen ba da taimako, kuma ba a ɗaure shi da karɓar wani addini ko ra'ayin siyasa. Ƙungiyar da ta san aikinta ta san wannan takarda, ba za ta ji haushin tambayar ba. Kirista mai gaskiya ba zai ce maka ba ya fatan ka bi addininsa ba, kamar yadda kai ma kake yi masa fatan musulunta. Wannan na zuciyarsa ne. Abin da ke hannunku shi ne iyaka a rubuce: taimako daban, wa'azi daban. Wanda ya ƙi a rubuta, ku yi masa godiya ku sallame shi cikin mutunci.

Maganar halacci ta malamai ce, ku kai ta ga limaminku. Abin da na sha ji suna kafa hujja da shi shi ne aya ta 8 a Suratul Mumtahana, da kyautar da Manzon Allah (SAW) ya karɓa daga Muƙauƙis na Masar. Sharaɗin da suke gindayawa shi ne kada kyautar ta zo da abin da zai taɓa addini ko mutunci.

To, ga inda na ce ayyuka ke mutuwa. Kuɗin irin wannan haɗin gwiwa na gini ne, babu na riƙo a ciki. Shiri ne na shekara ɗaya zuwa uku. In wa'adi ya cika a ɗauki hoto, a rubuta rahoto, a rufe littafi. Ranar da sumo, wato injin da ke jawo ruwa daga ƙarƙashin ƙasa, ya ƙone, ba kuɗin gyara a kasafinsu. Zaga unguwannin gefen gari ka gani da idonka. Akwai wata rijiya da nakan wuce: hasumiyar ƙarfe tsaye, tanki a sama rana ta tsaga shi, an kwashe yawancin faifan sola, an kwance kawunan famfo, wata tsohuwa ta ɗaure akuyarta a ƙafar hasumiyar don ta sha inuwa. Allon da ke ɗauke da sunan waɗanda suka gina kuwa fes yake. Taku kaɗan daga wurin 'yan garuwa na jere da kurarsu. Na tambayi mai shagon da ke kallon wurin me ya faru, ya ce: "Waɗanda sunka yi ta ba su dawo ba." Iyakar amsarsa ke nan. A ransa rijiyar ta masu allo ce, wanda ya gina shi zai gyara. Na ga irin wannan da sunan coci, na gani da sunan ƙungiyar Larabawa, na gani da sunan ɗan majalisa.

Ku fara da fili. Kada a haƙa a harabar coci, ko da sun ce ƙofa a buɗe take. Rabin unguwa ba za su tura 'ya'yansu ba, kuma ranar da aka samu saɓani sai a garƙame get. Kada a haƙa a ƙofar gidan mai unguwa ko na wani alhaji da alkawarin baki, domin ranar rabon gado magada ba su san zancen ba. Ni a wannan yanayi ko harabar masallaci ba na so, saboda matar Kirista da ke haya a layinku ita ma tana da haƙƙin ɗiba ba tare da ta ji nauyi ba. A nemi fegi a bakin hanya, mai shi ya ba da wakafi ko a saya, a rubuta, mai unguwa da hakimi da liman da fasto su sa hannu, a kai kwafi ƙaramar hukuma, a kai wani Hukumar Zakka da Wakafi ta jiha.

Ƙasar Sakkwato ba iri ɗaya ba ce a ciki. Wani wuri yashi ne mai ruwa, wani wuri laka ce mai kauri, wani wuri dutsen farar ƙasa ne irin na Kalambaina da ake yin siminti da shi, wanda ruwansa kan yi nauyi, sabulu ba ya kumfa sosai. Don haka a yi gwajin ƙasa kafin a kawo injin haƙa, kuma a haƙa da rani, wajen Maris zuwa Mayu, lokacin da ruwa ya yi ƙasa iyakar yinsa. Rijiyar da aka haƙa a ƙarshen damina tana iya yaudararku, bazara na shiga ta ƙafe. A nisanta ta da masai da kwata, aƙalla mita 30. Ku sa wani naku mai ido ya tsaya ya ƙirga bututun da ake zurawa, saboda ɗan kwangila na iya karɓar kuɗin zurfi mai yawa ya tsaya a hanya, su kuma mutanen cocin, in ba injiniya a cikinsu, ba za su gane ba. Bayan an gama a ja ruwa na awoyi a ga ko rijiyar na jurewa, a kai samfurin ruwan ɗakin gwaji, a ba ƙungiyarku takardar da ta nuna zurfi da girman sumo da inda aka sayo shi. Hukumar ruwan karkara ta jiha, RUWASSA, tana da injiniyoyi, a sanar da su tun farko. Sumon da babu kayan gyaransa a kasuwar Sakkwato ko Kano, ko daga Jamus aka kawo shi, ku ce a canza.

Kada ku ce ruwa kyauta ne, ko da masu ginin sun so haka don rahotonsu ya yi daɗin karatu. A sa ɗan abin da bai kai rabin kuɗin garuwa ba a kan kowace jarka, a yafe wa iyayen marayu da tsofaffi da 'yan gudun hijirar da ba su da komai. Kuɗin ya shiga asusun banki da sunan ƙungiya, mutum biyu ko uku ke sa hannu, a karanta lissafi duk wata bayan la'asar a ƙofar masallaci, a kuma karanta a coci. Daga ciki a biya mai gadi, domin ɓarayi na son faifan sola, a biya yaron da zai riƙa goge ƙurar hunturu daga kansa, saura a ajiye don ranar da sumo zai tsaya, kuma zai tsaya. 'Yan garuwa kuwa kada ku mayar da su abokan gaba. Yawancinsu 'yan ci-rani ne, da wannan suke ci. A ba su lokacinsu da farashinsu, su ci gaba da kai wa gidajen da ke nesa da na matan kulle. Su ne za su fi kowa zuba kuɗi a asusun, su ne kuma za su fara kawo ƙara in sun ga wani na taɓa waya da dare. Kwamitin ya haɗa da mata, ko da ungozoma ce da malamar Islamiyya, da mutum ɗaya aƙalla daga Kiristocin unguwa, da wakilin 'yan gudun hijira. Ruwan da ke zuba a gindin famfo a yi masa hanya zuwa rami, in ba haka ba sauro kuka yi wa gida.

Ko allon ma ku gama maganarsa tun yanzu. Sunan wanda ya taimaka haƙƙinsa ne, a sa. Sunan unguwa ya zo a sama, kuma ba aya, ta kowane littafi. Ku ma ku sa naku a cikin aikin: yashi, bulo, gayya, abincin leburori. Masu cewa a ƙi, a ba su dama su kawo wanda ya fi. In akwai mai halin da zai haƙa, madalla, unguwa ta samu biyu. Na sha ganin tayin coci ya tayar da attajirai daga barci, kuma ban ga laifin irin wannan gasa ba.

Adashin ya fi rijiyar sauƙi, kuma a ganina ya fi ta daɗewa. Tsarin da ƙungiyoyin coci suka yaɗa, wanda CRS ke kira SILC, ya ɗan bambanta da wanda iyayenmu mata suka sani, inda uwar adashi ke tarawa a ba mutum ɗaya kwasa. A nan mata 15 zuwa 30 ne ke zaɓen junansu, su haɗu duk mako, kowa ta zuba gwargwadon ƙarfinta a akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku. Makullan na hannun mata uku daban, akwatin na ɗakin ta huɗu, ba a buɗewa sai a gaban kowa. Mai buƙata ta ranta ta juya ta mayar, akwai kuma ɗan asusun gefe na rashin lafiya da haihuwa da rasuwa. Bayan wata 8 zuwa 12 a fasa, kowa ta ɗauki nata. Ko sisin baƙo ba ya shiga akwatin. Abin da ƙungiya ke kawowa akwati ne da littafi da horo, shi ya sa yake rayuwa bayan sun tafi. In ka ga zaman, mai ƙirga ce ke ɗaga kowace takardar kuɗi sama tana faɗa da ƙarfi, sauran na maimaitawa, kuma sau da yawa tsohuwar da ba ta iya karatu ba ce ke gyara wa mai littafi lissafi da ka.

Inda za ku tsaya ku gyara shi ne ƙari. A asalin tsarin, mai rance na mayarwa da wani abu a kai, shi ake rabawa a ƙarshe. Ga Musulmi wannan kuɗin ruwa ne, kuma in liman ya ji daga baya, huɗubar Juma'a ɗaya ta isa ta watsa ƙungiyar. An saba gyara shi: rance ba ƙari, ribar ƙungiya ta fito daga saye da sayarwa, kamar a sayi gero da kaka a sayar da bazara, ko ƙungiya ta sayi kaya ta sayar wa mamba da riba sananniya, ta biya a hankali. A zauna da malami a tsara wannan kafin a zuba ko naira ɗaya. Kuma mace ce za ta yi horon, a cikin gida, da sanin mazaje.

A sana'a ku yi hattara da keken ɗinki da haɗa sabulu da man shafawa, waɗanda kowace ƙungiya ke zuwa da su don sun fi sauƙin ɗaukar hoto. In an koya wa mata talatin sabulu a layi ɗaya, wa zai saya? Ku tambayi matan abin da suke yi yanzu da abin da ke tauye su. Mai ƙuli-ƙuli injin niƙa take nema. Mai fura so take ta sayi gero da buhu maimakon tiya. Jar akuyar Sakkwato, wadda fatarta ta yi suna har ƙasashen waje, tana haihuwa da wuri, sau da yawa tagwaye. A ba mace biyu, ta miƙa 'yar farko ga ta gaba. Amma sai da rigakafi da malamin dabbobi da zai riƙa leƙawa, in ba haka ba annoba ɗaya ta share su.

Jerin sunayen waɗanda za su amfana ya fi komai jawo faɗa. A faɗi ma'aunin tun kafin a ɗauki biro, a karanta sunayen a bainar jama'a, a bar kwana biyu ga mai ƙorafi. Kada a ba 'yan gudun hijira kaɗai a bar talakan da ya ba su masauki, kada kuma a tsallake su don ba su da kowa a zauren mai unguwa. In ka ga jerin ya cika da 'yan coci, ko ya cika da dangin masu unguwa, matsala ɗaya ce.

Saura yara, kuma nan ne na ce ku jinkirta. Ka tuna yadda aka yi ca lokacin da Bishop Matthew Hassan Kukah, wanda ke jagorantar dayosis ɗin Katolika ta Sakkwato tun 2011, ya kawo maganar koya wa almajirai sana'a. Ƙungiyoyin Musulmi da dama suka ce ba su yarda ba. Ko me mutum ke gani game da niyyarsa, abin ya nuna cewa a kan yara ba a ba da amana sai an ga kamun ludayin mutum. Bari unguwa ta sha ruwan shekara guda, ta ga halin mutanen, sannan a buɗe zancen. In an buɗe, doka na tare da ku: sashe na 38 na kundin tsarin mulkin 1999 ya hana a tilasta wa ɗalibi darasi ko ibadar addinin da ba nasa ba, ko wanda iyayensa ba su amince da shi ba, kuma wannan kariya ta shafi ɗan Musulmi da ɗan Kirista baki ɗaya. A yi darasin a ajin firamaren gwamnati, da sanin hedimasta da kwamitin makaranta, a kan manhajar gwamnati, karatu da rubutu da lissafi. Malamai su fito daga unguwa, kuna da masu NCE zaune ba aiki. Cocin ta biya alawus da alli da littattafai. Lokaci kada ya ci karo da makarantar allo da Islamiyya. Uwa ko uba su shiga ajin duk sa'ad da suka ga dama. Ba ɗaukar yaro zuwa makarantar kwana a wani gari, ba ɗaukar hotonsa sai da yardar iyaye. Maganar hoton nan ku riƙe ta da kyau har a kan manya, domin da hotunan ake neman kuɗi a can, kuma ba wanda ke son a ga matarsa a intanet a matsayin abin tausayi.

Ku ma akwai haƙƙinsu a kanku. Bayan abin da ya faru a watan Mayun 2022, kisan wata ɗaliba Kirista a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da tarzomar da ta biyo baya, har aka sa dokar hana fita aka kuma taɓa wasu coci-coci a cikin gari, duk faston da ya tako unguwarku da tayin aiki ya san kasadar da ya ɗauka. In kun karɓa, sun zama baƙinku, tsaronsu da mutuncinsu na wuyanku. Ku sa ran jita-jita, za ta zo: wani zai ce an zuba maganin hana haihuwa a tanki. Irin wannan zance ne ya tsayar da rigakafin shan inna a Kano a 2003, cutar ta bazu, kuma sai da sarakuna da malamai suka shiga gaba kafin a kai ga tabbatar da kawar da ita a 2020. Maganinta shi ne a riga ta. A manna sakamakon gwajin ruwan a jikin hasumiya, makullin tanki ya zauna a hannun kwamiti, ranar buɗewa liman da mai unguwa da dattijon nan mai shakka su fara sha a gaban kowa.

Akwai kuma 'yan damfara da ke yawo da sunan cocin ƙasar waje. Duk wanda ya ce a biya kuɗin fom, ko ya fara tattara lambobin BVN na mata, ku kore shi. Ku nemi wasiƙa daga sama, daga ofishin bishop ko shugabancin ɗariƙar, ku je da ƙafarku ku tabbatar, ku tambayi reshen CAN na jiha ko sun san su. Ƙungiyarku ma ta yi rajista da hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, CAC, in ba ta yi ba, don da ita za ku buɗe asusu ku riƙe takardar fili.

Kada ku gina lissafinku a kan za a dawo da kashi na biyu. Tun da Amurka ta rufe hukumarta ta ba da agaji, USAID, a 2025, kuɗin agaji ya ja baya ƙwarai, har ƙungiyoyin coci da ke karɓa daga can sun rage ma'aikata. Abin da aka kawo muku yau, ku ɗauka shi ke nan. A makon nan ka fara zuwa wurin liman shi kaɗai, sannan mai unguwa, kafin a kira taro. In an daidaita, a rubuta yarjejeniya da Hausa, shafi biyu sun isa, a karanta ta da ƙarfi kafin a sa hannu. Adashi na iya farawa da zarar malam ya duba tsarin. Gwajin ƙasa a yi shi da hunturu, haƙa kuma a bari sai zafi ya kankama.